Ƙafar Donaji Ta Hagu: Shafi na 12

Masu turo min saƙo wai na cika tsanani a kan Ubaldo, wai mutumin kirki ne, ba ya sha, ba ya duka, na ji ku. Ku karanta wannan shafin tukuna, sannan ku dawo mu yi maganar kirki.

Mun rabu da Herlinda da mijinta Ubaldo a ɗakin likitan ƙashi a birnin Oaxaca, ranar Juma'a da hantsi. Sun zo jin sakamakon hoton ƙafar 'yarsu Donaji, 'yar shekara takwas, wadda ɗingishinta ke ƙaruwa kullum ba a san dalili ba. Yarinyar tana gida tare da kakarta, Doña Epifania, mahaifiyar Herlinda, wadda ta sauko daga ƙauye ta kwana biyu.

Likitan ya maƙala hoton a allon fitila, ya ɗauki biro zai nuna. Bai kai ga nunawa ba Herlinda ta gani.

Ba likita ba ce. Amma tun kafin a haifi Donaji take aiki a ɗakin bincike, inda ake yanka 'yar taga a jikin ƙwan kaza, a leƙa da madubin likita a ga yadda ƙafar ɗan tsako ke fitowa daga ɗan tsiron da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ita ke yanka tagar, ita ke liƙe ta. Saboda haka ta san abin da yawancin iyaye ke tsufa ba su sani ba: ƙafar yaro ba daga ƙashi take samun tsawo ba. Kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi akwai ɗan faifan guringuntsi mai laushi. A cikinsa ƙwayoyin halitta ke rabuwa. Ɗaya ta zama biyu, su kwanta gefe da gefe, sannan ɗayar ta zame a hankali ta shige ƙarƙashin 'yar'uwarta, su yi ta jeruwa bisa juna kamar tortiya, wato gasasshiyar wainar masara, da aka tula a kwando. Na can ƙarshen jerin su kumbura su mutu, ƙashi ya maye gurbinsu, na sama su sake rabuwa. Tsawon mutum ke nan. Duk taƙamar ɗan Adam da ɗaga kafaɗarsa, a kan wannan ɗan faifan yake tsaye.

Ta kuma san abin da ke faruwa in an taɓa faifan, don a wurin aikinsu da gangan ake yi. Ta sha sa tsinin allura ta ƙwarzani gefe ɗaya na ƙafar ɗan tsako, ta liƙe tagar, ta mayar da ƙwan cikin ɗumi. In an buɗe daga baya, gefen da aka taɓa ya tsaya cak, ɗaya gefen yana ta aikinsa bai san an yi mutuwa a maƙwabta ba. Sai ƙafar ta lanƙwashe kamar lauje.

To ga shi nan a hoton, sama da gwiwar 'yarta. Faifai mai lafiya siririn baƙin layi ne. A na Donaji, wani farin tabo ya tsallake layin ta gefen waje, kamar an aza gada.

"Ƙashi ya haɗe a nan," in ji likitan. "Ya ɗaure faifan ta gefe ɗaya."

"Na gani."

"Yaushe ta karye?"

Herlinda ta ce ba ta taɓa karyewa ba. Ta faɗa da ƙarfinta, irin na uwar da ta san duk tabon da ke jikin 'yarta da ranar da aka yi shi.

Likitan ya dube ta ta saman tabarau. Ya ce wannan ba da shi aka haife ta ba, ba kuma cuta ba ce. Tsohuwar karaya ce da ta bi ta tsakiyar faifan. Da an sa ƙafar a filasta an ƙyale ta, wataƙila da ta warke babu labari. Amma an ja ta, an murɗa, an murza, kuma ba sau ɗaya ba.

"Hannun mai ɗori ne," ya ce. "Ba na jin wata ya taɓa wucewa ban ga irinsa ba."

Herlinda ta juya wajen Ubaldo don su yi mamaki tare. Ta tarar yana juya malafarsa a cinya, yana duban bakinta kamar yau aka saƙa ta.

Nan take ta gane ya sani.

Likitan bai lura ba, ko ya yi kamar bai lura ba. Ya ce akwai sauran dama, kuma ita ce ta ƙarshe. Gadar ba ta kai rabin faifan ba. Za a iya buɗewa a sare ta, a cike gurbin da ɗan kitse daga jikin yarinyar, sauran ƙwayoyin da ke raye su ci gaba da jeruwa, ƙafar ta miƙe da kanta a hankali. Mako mai zuwa yana da wuri. Amma da sharaɗi guda, ya maimaita shi yana buga biro a tebur.

"Kada kowa ya taɓa ƙafar nan. Ko da man shafawa ne. Abin da ya rage mata a faifan nan kaɗan ne. In aka sake murɗa shi ya rufe gaba ɗaya, ita za ta girma, ƙafar ta tsaya 'yar shekara takwas."

A waje, ƙarƙashin itacen da ke bakin asibitin, wata mata na sayar da kunun masara. Ubaldo ya tambayi Herlinda ko ya sayo mata, tunda ba ta karya ba.

"Ubaldo."

"Mai cakulan ne, irin wanda kike so."

"Wa ya ɗora min 'ya?"

Ya ce su bari su isa gida. Ta ce a nan ta tambaya, a nan za ta ji. Ya dubi mai kunu, ya dubi motoci, ya dubi takalminsa na kafinta mai ƙurar katako. Da ya ga babu inda zai ɓuya, sai maganar ta fara fitowa guntu-guntu, kamar ana zare masa ƙusa.

Bara ne, a bikin waliyyiyar garinsu, Santa Rita. Herlinda ba ta je ba, ƙwayayen kajin da take aiki a kansu sun kai lokacin da ba a barinsu. Donaji ta hau katangar coci don ta hangi wasan wuta, ta zame. Kuma wanda ya fara isa kanta, ya ɗauke ta a hannu a gaban dukan gari, shi ne Don Crescencio.

"Kompadre," in ji Herlinda, sunan da iyaye ke kiran uban baftismar ɗansu. Ba tambaya ba ce.

"Shi ya riƙe ta ranar baftisma, Linda. Yana kuka da hawayensa, yana cewa 'yata, 'yata. Mutumin da ya ɗora rabin garin nan. Ya ɗora ni. Ya ɗora babanki da sa ya take shi. Ki faɗa min, da wane baki zan ce masa, sauke ta, asibiti zan kai ta?"

"Da bakin da kake cin abinci."

"Kin san ba a yi."

Ta sani. Duk mun sani. Ɗan'uwanka na jini kana iya zaginsa da safe ku ci abinci tare da rana. Wanda ya riƙe maka ɗa a bakin ruwan baftisma ko muryarka ba ka ɗagawa a gabansa, ba ka mayar masa da kyauta, ba ka ce masa a'a. Al'ada ce mai kyau, ta raini marayu ba iyaka, ba zan kushe ta ba. Amma zan faɗi gaskiya ko da za ku fice daga shafin nan: kunyar da za ka biya da ƙafar ɗanka ba kunya ba ce, tsoro ne ya yafa mayafi.

"Sau nawa ya ja ta?"

"Ban ƙirga ba. Talata da Juma'a, har kumburin ya saɓe."

"Tana kuka?"

Ya kau da kai.

"Kana ina?"

"Ni nake riƙe kafaɗunta."

Herlinda ta dafa itacen. Sai a lokacin ta tuna. Bara bayan biki ai an bugo mata waya cewa Donaji ta kamu da ƙaranbau, za ta zauna a ƙauye har ta warke. Mahaifiyarta ta ce kada ta kuskura ta zo, tunda ita ba ta taɓa yi ba tana ƙarama, kuma ƙaranbau a jikin babba mugun abu ne. Ta yarda. Ta aika da kayan wasa da alewa.

Kada ku yi saurin wanke ta. Ƙarya ba ta zama a gidan da ba a shimfiɗa mata tabarma ba. Herlinda ta yarda ne don yardar ta yi daidai da aikinta, kuma a ƙarƙashin itacen nan ita ma ta san haka. Shi ya sa ba ta yi ihu ba.

Ta tambaya yaya aka yi yarinyar ba ta taɓa faɗa ba, yarinyar da ko ƙuda ya sauka a littafinta sai ta ba da labari. Ubaldo ya ce Mama ce, wato Doña Epifania, ta kai ta gaban waliyyiya, ta kunna kyandir, ta sa ta rantse.

"Shekara guda ina sayo mata takalma ina cewa su ne ba su yi daidai ba. Kana kallona."

"Na ɗauka zai wuce. Kompadre ya ce in ta girma za ta miƙe."

"Wa ya san abin da likita zai faɗa yau?"

Ya sake komawa kan malafar.

"Jiya Mama ta matsa min. Na ce mata wataƙila a yi aiki."

"Ka ce mata za a yanka."

"Na ce wataƙila."

Herlinda ba ta jira shi ba, ta tari tasi, ya biyo ta da gudu ya shiga.

Gidan a share yake ƙal. An wanke kofuna an kife. A kan ɗan teburin waliyyai kyandir na ci, ya kusa rabi. Jakar makarantar Donaji na rataye, amma babu baƙin mayafin Doña Epifania, babu kwandonta. Maƙwabciya ta leƙo ta kan katanga ta ce ai suna fita tsohuwar ta kama hannun yarinyar suka nufi tasha, har ta ce a gaishe su, wai ƙauye za su je gyaran ƙafa.

Juma'a ce, ranar ɗori. Kuma Herlinda a Santa Rita ta girma, ta san abin da ake yi wa ƙashin da ya haɗe a karkace. A shafa mai, a lulluɓe da ganye mai zafi har naman ya saki. Sannan mai ɗori ya aza gaɓar a kan gwiwarsa, ya sake karya ta, ya miƙe ta.

Suka sami tasin ƙauye, suka cika sauran kujerun don kada a jira kowa. Direban ya taka iyakar ƙarfinsa, da ya ji dalili har ya kashe rediyo. Herlinda ta yi ta kiran lambar mahaifiyarta, ko da ta san wayar na ƙasan kwando a kashe, kuma ko a kunne take, bayan duwatsun nan waya ba ta kamawa.

Sun bar kwari, sun fara hawa, sai suka tarar da jerin motoci. Direban ya leƙa, ya ja tsaki, ya kashe injin.

Mutanen wani ƙauye ne suka tare hanya. Sun jera duwatsu, sun gitta babbar mota, mata sun kafa murhu a tsakiyar kwalta suna gasa tortiya. Ruwa suke nema, an daɗe ana yi musu alkawari. Direbobi suka ce da hantsi aka rufe. Motocin safe duk sun wuce.

Herlinda ta sauka ta je wurin dattijon da ke riƙe da sandar gari. Ta faɗa masa komai, ba ta ɓoye ba. Ya cire hularsa ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ma yana da jikoki, kuma Allah ya ba yarinya lafiya. Amma taron gari ne ya aza duwatsun nan, taron gari ne kaɗai zai ɗauke su, shi ko tsakuwa ɗaya ba shi da ikon matsarwa. In da ƙafa za ta tsallaka, bismilla. Sai dai a can ɗaya gefen babu mota, duk sun juya, kuma kafin ta taka zuwa Santa Rita rana ta faɗi.

Wata daga cikin matan ta miƙo mata tortiya mai zafi da gishiri. Ta karɓa ta riƙe, ba ta san ta karɓa ba.

Waya ɗaya ce a Santa Rita, a kantin Doña Gudelia, wadda ke da lasifika a kan dogon ƙarfe bisa rufinta. Da ita ake shelar mutuwa, da ɓatan jaki, da wanda ya yanka alade yana neman masu saye. In aka bugo wa mutum waya, sai Gudelia ta kira sunansa, gari duka ya ji. Herlinda ta tsaya a bakin hanya inda waya ke kamawa, ta buga, ta ce a kira mata mahaifiyarta.

Ta daɗe tana jin kajin Gudelia kafin a ɗauka.

"Kin sa an kira sunana a sama kamar wadda akuyarta ta ci gonar mutane."

"Mama, ina Donaji?"

"Ga ta nan tana lasar alewa. Ko gaisuwa babu? A birni an daina?"

"An taɓa ƙafar?"

"Tukuna."

Herlinda ta zauna a kan wani dutse. Ta tattaro duk ladabin da ke jikinta. Ta ce ba ta zargin kowa, abin da ya wuce ya wuce. Ta ce akwai wani ɗan abu mai laushi a cikin gwiwar, mai rai, shi ke ƙara wa yaro tsawo. Rabinsa ya mutu, rabi na numfashi. Ta ce ƙananan abubuwa ne a ciki da ido ba ya gani, suna jeruwa bisa juna kamar tortiya a kwando, in aka girgiza kwandon...

"Tortiya za ki koya min? Ni?"

"Misali ne, Mama."

"Ina kan dutsen niƙa naƙudarki ta kama ni. Ki riƙe misalinki. Ni abin da na sani, mijinki ya ce za ku kai min jika a kwantar a tsaga kamar kazar biki. Matar da aka taɓa tsagawa a garin nan kin san a kabari take kwance."

"Wannan daban ne."

"Kullum naku daban ne. Kin zauna kina gadin ƙwan kaza, naki ƙwan kin bar shi yana gangarawa a titi. Da ta faɗo ina kike? Wa ya kwana da ita a baya? Yanzu da ƙafa ta karkace kin tuna ke uwa ce."

Mafi munin faɗa shi ne wanda abokin faɗanka ke da rabin gaskiya.

"Mama, na roƙe ki da Budurwa Maryamu. Ki jira ni in iso. Kawai ki jira."

"Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yau ƙafar nan za ta miƙe. Hannu ba na mutum ɗaya ba ne a garin nan. Ke, zo ki gai da uwarki."

Aka yi ƙugi-ƙugi, sai ga ƙaramar murya.

"Mama?"

"'Yata. Ki ji ni da kyau..."

"Baba ne ya faɗa miki? Ba ni na faɗa ba, Mama. Ki gaya wa Kaka ba ni ba ce. Na rantse, kuma ban faɗa ba."

"Na sani. Ba ki yi laifi ba. Donaji, kada ki bari..."

"Kaka ta ce in na yi haƙuri yau, bana zan yi rawa a biki da doguwar riga."

Daga nesa muryar tsohuwar ta ce ya isa, waya ba a kyauta take ba. Aka kife.

Herlinda ta sake bugawa. Gudelia ta ce sun tafi, sun bi hanyar sama. Ta roƙe ta ta bi su. Gudelia ta ce ita da ciwon ƙugu, ga kanti babu kowa, maza duk suna gona. Ban da haka ma, wace ce ita da za ta shiga tsakanin kaka da jika da uban baftisma?

Ubaldo ya tsallaka duwatsun ya dawo. Ya tambayi mai babur, ya tambayi mai jaki, babu. Ya tsaya a gefenta hannuwa a sake, katon mutum mai iya ɗaga ƙofar katako shi kaɗai. Ya ce wataƙila kompadre ba zai yi yau ba. Wataƙila sai ganyen ya kwana.

Herlinda ba ta ko dube shi ba. Idonta na kan duwatsun da garinsu ke bayansu, amma abin da take gani daban. Tana ganin jerin nan, ƙwaya bisa ƙwaya, suna rabuwa suna zamewa a cikin duhun gwiwar 'yarta a daidai wannan lokacin, suna aikinsu ba su san abin da ke tafe ba. Ta san sunan kowane mataki. Ta san abin da ke sa su juya, da abin da ke sa su tsaya. Ga ilimin nan cike da kanta, kuma bai iya matsar da dutse ɗaya daga kan kwalta ba.

Ta sake danna lambar.

"Doña Gudelia, ki kunna lasifika. Ki kara wayar a bakinta."

Ubaldo ya kama hannunta.

"Linda, kada ki yi. Kompadre ne. In kika kira sunansa a sama, mun gama da garin nan. Ko gawarmu ba za su ɗauka ba."

"Gari ko ƙafa, Ubaldo. Bara ka zaɓa. Yau ni ce."

Gudelia ta yi ta jan magana, ta ce ba a taɓa yi ba, ta ce ita babu ruwanta, a shaida. Amma Gudelia ce, kuma tun da aka kafa ƙarfen nan ba ta taɓa samun labari irin wannan ba. Herlinda ta ji ƙarar kunnawa, ta ji shuuu, sannan ta ji numfashinta na fita a sama da garin da aka haife ta.

"Don Crescencio. Kompadre. Herlinda ce, 'yar Epifania."

Muryar ta bugi dutse ta dawo mata ta cikin wayar, kamar wata ce ke maimaitawa.

"Bara ka ja ƙafar 'yata. Likita ya nuna min hoton yau. Hannunka ne ya karkatar da ita. Ba faɗuwar ba ce, hannunka ne. Kai ka gurgunta 'yar da ka riƙe a gaban Allah. In ka sake taɓa ta yau, ba za ta ƙara tsawo a ƙafar nan ba har ta mutu. Mutanen Santa Rita, duk wanda ke ji na, ku shaida. Kompadre, in kana da abin cewa, ga waya. Ka zo ka faɗa min da bakinka."

Garin ya yi shiru, har kajin Gudelia. A kan kwalta, matan da ke gasa tortiya sun daina tafa ƙullin masara suna kallonta. Ubaldo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da malafa.

Maganar da ta fita ba ta komawa. Abin da kakanni suka ƙulla, ta tsinke shi a gaban yara da manya, kuma ba ta yi nadama ba. Ta riƙe wayar da hannu biyu tana jira.

Can ta ji Gudelia ta rage murya.

"Ga shi nan tafe. Shi kaɗai ne. Ko hula bai sa ba."

Takun sanda a kan dakali. Numfashin tsoho da ya yi sauri. Sannan muryar da ta sa wa Donaji albarka tana jaririya.

"Komadre," in ji shi, yadda uban baftisma ke kiran uwar yaro.

"Ka taɓa ta?"

"Ban ja ta ba."

Herlinda ta rufe ido. Hawayen da ta riƙe tun asibiti suka zubo.

"Tun da safe da aka kawo ta na shafa gwiwar," in ji shi a hankali, "na san ta fi ƙarfina. Ba ƙashi ne ya goce ba, wani abu ne a ciki da hannuna bai sani ba. Na ce wa mahaifiyarki ta mayar miki da ita. Abin da kika faɗa a sama, da kin kira ni a ƙasa ma da na amsa shi."

"To tana ina? Kompadre, ina Donaji?"

"Epifania ta ce in ni tsufa ya sa ni tsoro, ita ba ta ji. Ta ce tun tana budurwa take riƙe min masu karaya, babu abin da hannuna ke yi da idonta bai haddace ba. Ta ɗebi maina, ta ɗebi ganye, ta kai yarinyar gidanta ta hura wuta."

Tortiyar da ke cinyar Herlinda ta faɗi a kwalta.

"Na bi ta," ya ce. "Tun ɗazu ina zaune a bakin ƙofar, na gitta ƙafata a dokin ƙofa don kada ta rufe, ina ta ba ta baki. Har ta fara saurare. Sai na ji sunana a sama."

"Sai ka taso ka bar ƙofar," in ji Herlinda.

"Kin ce in zo in faɗa da bakina, komadre. Gari duka ya ji."

Ya ja numfashi.

"Ban kai bakin shinge ba na ji ta zura sakata."